Bakin Malam Nomau

Tun da na dawo daga Argungu ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, sai wani ya ce in yi musu Turancin da aka koya mana, wani ya ce in buɗe baki ya ga ko an sauya mini harshe. A makaranta ma haka abokan aiki suke tsare ni a ƙofar ofishin hedimasta. Nakan yi dariya in ce kifi kawai na ci na dawo. To amsar nan ta ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda tafiyar ta kasance tun daga tasha, wanda ya karanta sai ya ƙyale ni. Na san Argungu ba wata nisa gare ta ba, akwai masu zuwa su sayo kifi su dawo kafin azahar. Ni dai mako biyu na yi a can, kuma har yau hankalina bai kwanta da abin da na yi ba.

Ni malamin firamare ne, Turanci nake koyarwa a aji biyar da shida. Ana gab da dogon hutu takarda ta zo daga Sakkwato, cewa duk masu koyar da Turanci a manyan azuzuwa na yankinmu za su je kwas a Argungu, a gyara musu yadda suke furta kalmomi. Wai yaranmu suna cin jarrabawar rubutu, amma in aka kira su intabiyun shiga sakandare sai a kasa gane abin da suke faɗa. A ƙarshen kwas za a yi gwajin baki. Wanda ya ci ya koma ajinsa, wanda ya faɗi a karɓe ajin a ba wani, shi kuma a nema masa wani aiki a ofis. A can ƙasan takardar aka ce kowa ya zo da ƙaramin madubi.

Madubin nan ya jawo mini magana a gida. Mai ɗakina ta ce ita dai ba ta taɓa jin karatun da ake yi da madubi ba, sai dai in akwai wadda za a yi wa kwalliya a can. Sai da na nuna mata takardar, ita da ba ta karanta Turanci, ta juya ta gaba da baya, sannan ta ba ni nata na sa kwalli, tare da gargaɗin in dawo mata da shi yadda na karɓa.

Na isa tasha da sassafe don in kama motar farko, amma har hantsi ya dubi ludayi ana neman cikon mutum biyu. Ni kuwa ba ni da haƙurin zama. Na sauka na hau ya fi sau biyar, har direba ya ce in ina sauri in biya kuɗin kujerun mu tafi. A-kori-kura ce, an jera mu a baya bisa benci biyu. Ta gefena wata tsohuwa ce mai ƙwaryar man shanu, a gabana wani Bakabe mai zanen fuska da ya sayo zaren taru, baki gare shi ba ya gajiya.

Muna barin gari ruwa ya sauko. Aka ja tampol, tampol ɗin kuwa duk huji, kuma hujin da ya fi girma a saitin wuyana yake. Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci, muka sauka muka tsaya a gindin wata giginya wadda ba ta tare komai. Da muka kusa shingen 'yan sanda direba ya ce ya yi lodi fiye da ƙa'ida, mutum huɗu su sauka su taka su same shi a gaba. Ya dube ni da wandon makaranta da takalmi sau-ciki, ya ce Malam ai ƙafarka da sauran ƙarfi. Na taka cikin taɓo ina ƙunƙuni. Da na dawo na tarar tsohuwa ta gyara zama a kan jakata. Na zaro ta a hankali, na laluba, madubi ya rabu biyu.

Tsakanin ƙasar Gwandu da ƙasar Kabi babu allo, babu shinge, amma mai zaren taru ya san wurin. Muna wuce wata 'yar gada ya gyara hula ya ce mun shigo ƙasarsu, mutanen Birnin Kebbi su yi hattara da ƙayar kifi, don duk shekara sai an ciro wa ɗayanmu ita daga maƙogwaro. Tsohuwa ta ce gara ƙaya da ƙarni, su ko ranar Sallah in suka wuce sai kyanwa ta bi su. Aka yi ta dariya har cikin gari, ni ina ta tunanin abin da zan faɗa a gida game da madubi.

A wata makarantar kwana aka sauke mu. Ɗakin da aka nuna mana gadajen ƙarfe ne babu katifa, ga sauron fadama tun da rana yana kewaye mutum. Ina tsaye a layin rubuta suna na ji an ce, "Sanda! Kai ma sun kamo ka?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana Sanda da wannan murya. Malam Nomau ne, wanda ya koyar da ni tun daga aji uku har na gama firamare, kafin a mayar da shi garinsu Argungu. A bakinsa na fara jin Turanci. Shi ne kuma ya yi ta zarya wurin mahaifina har ya yarda in tafi kwalejin horon malamai maimakon in tsaya gonar shinkafa. Ban san lokacin da na durƙusa cikin taɓon nan ba. Ya ce shi ma an kira shi kwas ɗin, bayan shekara talatin da wani abu yana riƙe da alli. Da ya ji inda aka sauke ni sai ya ɗauki jakata da kansa, ya ce ɗansa ba ya kwana a makaranta yana cikin garin.

Gidansa yana kusa da gulbi, ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure. Matarsa, Inna Hajo, ta karɓe ni kamar ita ta haife ni. A nan na gane maganar mai zaren taru ba wasa ba ce. Mu a gida koko da ƙosai muke karyawa da su, kifi kuwa sai in an samu. A gidan Malam ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kifi ne da safe, da rana kifi, da yamma kifi. Kuma baƙo ake ba kan kifin, ba a kuma so ya rage. Su suna ci suna hira, ƙaya tana fita ta gefen baki ba tare da sun sa hannu ba. Ni a rana ta biyu ta maƙale mini, Inna Hajo ta ba ni lomar tuwo ta ce in haɗiye kada in tauna, hawaye yana zuba ta wuce. Abin da ya fi ƙayar wuya shi ne Malam ya ce kwano ɗaya za mu riƙa ci. Na yi ta noƙewa, ya ce in ban sa hannu ba shi ma ya fasa.

Mai koyar da mu wata mutuniyar Gana ce, gajera, mai muryar da take kaiwa ƙarshen aji. Madam kawai muke ce mata. Mun kai mu arba'in. Ranar farko ta ce ba ruwanta da dogayen kalmomin da muke burge juna da su, ƙananan nan na kullum su ne suke ba mu kunya. Ta rubuta su a allo: pen, fan, van, five, cup, three, this, ship, sheep, da ire-irensu har ashirin. Ta sa muka karanta, ta dafe kai. Mu mutanen yamma da kifin ma kihi muke ce masa, ina ga na Turawa. Fan a bakinmu hwan ce, van kuwa ban, five ta zama hwaib, three ta zama tiri, ship da sheep kuma duk abu ɗaya ne. Ni da nake ganin kaina gwani a Nasarawa, ashe haka nake cusa wa yaran mutane shekara da shekaru.

Gyaran nata duk na baki ne, ba na littafi ba. Ta yayyaga takarda ta raba mana, kowa ya riƙe a gaban leɓe, in ya ce pen takardar ta motsa. In za a ce fan ko van, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a duba a madubi a gani. Da aka zo kan three ta ce a fito da kan harshe tsakanin haƙora. Wani dattijo ya miƙe ya ce a yi masa afuwa, wannan a wurinmu gwalo ne, kuma bai ga dalilin da zai yi wa baƙuwa gwalo ba alhali ba ta yi masa komai ba. Da aka bayyana mata ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta bi mu layi layi tana yi mana nata.

Da yake mun yi mata yawa, ga yadda ta tsara aikin. Kowa ya zaɓi abokin zama, su fuskanci juna. Ɗaya ya karanta kalmomi ashirin ɗin, ɗayan ya zuba wa bakinsa ido, ba kunne kawai ba, ya sa alamar daidai ko ta kuskure a takarda. Da azahar a tattara mata takardun. Duk wanda kuskurensa ya yi yawa za ta zauna da shi bayan la'asar, su kaɗan, ta gyara masa ɗaya bayan ɗaya. Tana gama bayani na ji an kama hannun rigata. Malam Nomau ne.

Tun ina ɗan shekara tara ban taɓa tsayar da idona a fuskar Malam ba. Haka aka rene mu, yaro ba ya ƙura wa babba ido, balle ya leƙa bakinsa. Muka zauna gwiwa da gwiwa, idona a kan takalminsa. Ya gyara murya ya karanto su da ƙarfin hali, hwan, ban, hwaib, tiri, daidai yadda ya koya mini su, daidai yadda ni ma nake faɗarsu har zuwa safiyar ranar. Kunnena ya ji kowace. Da ya gama ya ce, "Daidai, Sanda?"

Na ce, "Daidai, Malam." Na bi layi na sa alamar daidai guda ashirin.

Da aka zo kaina ya gyara tabarau ya matso har ina jin ƙanshin goronsa. Shi bai iya faɗarsu ba, amma idonsa bai bar komai ba. Ya ce Madam ta ce haƙora a kan leɓe, shi kuwa bai ga haƙorana ba. Ya ba ni kuskure goma sha ɗaya. Saboda haka ni na riƙa zama bayan la'asar da rabin madubina, Madam tana lanƙwasa mini harshe, shi kuma ya ɗauki lauje ya tafi fadama duba shinkafarsa. Madubi ma bai zo da shi ba. Da wani ya tambaye shi sai ya ce, "Mi za ni yi da madubi, ga Sanda?" In an yi karatun baki ɗaya kuwa, cikin murya arba'in babu mai tsinto ta mutum ɗaya.

Daga ranar zama ya gagare ni. Na san abin da ke jiransa ranar gwaji, na kuma san abin da aji yake a wurinsa. Mutumin da ko ranar hutu sai ya je ya leƙa ajinsa ta taga, shi za a ce ya koma ofis ya zauna. Kullum da safe in ce yau zan faɗa masa, kullum da azahar in miƙa takarda fes. Abinci ya daina shiga, Inna Hajo ta ɗauka ƙayar nan ce har yanzu. In an tashi sai in yi ta yawo a gari ba dalili, in je kasuwar kifi in tsaya kallon mata suna banda, in gangara bakin gulbi, in dawo in sake komawa.

Ba wai ban gwada ba. Wata rana na daure na sa kuskure ɗaya, ɗan ƙarami, a gaban three. Ya leƙo ya ce wannan fa, na ce biro ne ya zame, na gyara a gabansa. Na je wurin wani sa'ansa, Malam Bawa, don a wurinmu in magana ta yi wa yaro nauyi babba yake aikawa. Malam Bawa ya ce shi da kansa ta kansa yake yi, kuma Nomau ba a gyara masa Turanci, shi ya gyara musu. Na koma ina karanta kalmomin da ƙarfi a ɗakina ko zai ji bambancin daga zaure. Ya ji, ya ce Allah ya yi albarka, in ci gaba da ƙoƙari, zan iya.

Ranar Lahadi ya ce in raka shi gona. Muka shiga kwalekwale, ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kore shar. Na ga babu kowa sai mai tuƙi, na tattara ƙarfina na ce, "Malam, dama akwai wata magana." Kafin in ci gaba ya juya wurin mai tuƙi yana gaya masa wannan ɗalibinsa ne, duk yaran da ya koyar babu mai ladabinsa, bai taɓa ɗaga masa ido ba. Sannan ya juyo ya ce wace magana. Na ce dama tambaya zan yi ko wane iri ya shuka.

Har wurin Madam na je, na roƙi ta sauya mini abokin zama. Ta ce me ya sa. Na tsaya ina murza hula. Ta ce takardar tsohon nan ta fi ta kowa tsabta a ajin, in zauna kusa da shi in ƙaru. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa a wurin, amma na ga kamar kai ƙarar ubana ne wurin baƙuwa. Na yi godiya na fita.

Ranar gwaji aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya cikin wani ɗaki, Madam tana zaune da wani jami'i daga Sakkwato. Na shiga na karanta, ta gyaɗa kai. Malam ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shiga yana gaisawa da mutane. Bai daɗe ba ya fito, ya wuce mu bai dubi kowa ba.

Aka sake kirana. Madam ta baje takardu goma a tebur, duk da rubutun hannuna, babu kuskure ko ɗaya. Ta tambaye ni ko kurma ne ni, ko kuwa wata gaba ce tsakanina da tsohon. Na ce malamina ne. Ta jira in ƙara, ni kuwa a ganina na gama bayani. Ta ce da ya zo mata yamma uku kawai da ta gyara shi, don ta gyara waɗanda suka fi shi taurin harshe. Na roƙa a sake ba shi dama, na ce laifina ne, a ɗora mini. Jami'in ya ce bakin Malam aka gwada, ba takarduna ba, kuma an riga an sa hannu a jerin sunaye. Ban taɓa jin na tsani kaina irin wannan rana ba.

Da yamma na bi Malam muka koma gida. Muka ci tuwo kwano ɗaya yadda muka saba, ya yi hirar ruwa da shinkafa. Da safe ya ce zai raka ni tasha. Muka zauna a wani benci, jakata a tsakaninmu, ya daɗe yana kallon motoci.

Ya ce, "Sanda, shekara huɗu kana ajina. Na taɓa ba ka maki ga abin da ba daidai ba?"

Na ce, "A'a, Malam."

"Kana tsammanin ba ni jin tausayinka lokacin da nika jan layi bisa littahinka? Ina ji. To kai mi yas sa?"

Na ce kunya ce.

Ya ce, "To ka ji taka, ta wuce. Tawa jiya nij ji ta, gaban baƙi." Sannan ya ce, "Ɗaga kanka. Dube ni."

Na ɗaga. Ashe gemun nan duk ya yi fari, ashe haƙoransa biyu na ƙasa sun fita, ban sani ba, ga shi mako biyu muna ci a kwano ɗaya. Ya ce tiri. Na ce, "Harshe, Malam. Ku hiddo shi kaɗan." Ya fito da shi, a tsakiyar tasha, mutane suna wucewa. Na farko bai yi ba, na biyu ya yi yawa, na uku ya kusa. A na huɗu ta fito daidai, yadda Madam take faɗarta. Ya ce mu je gaba. Muka bi fan, muka bi van, muka bi five, na yagi gefen takardar shaidar cin gwajin da aka ba ni na riƙe masa a gaban baki ya ce pen har ta motsa. Kafin mai shayin da ke kusa da mu ya gama sallamar mutanen da ke kan bencinsa, mun ƙare duka ashirin ɗin.

Malam ya sake bin su shi kaɗai a hankali, yana lissafawa da yatsu, babu wadda ya ɓata. Ranar da za a koma makaranta zai miƙa rajistar ajinsa ga wani. Ya share baki da hannun riga, ya dube ni.

Ya ce, "To, Sanda, ga shi na iya. Wa za ni koya ma?"

Direba ya danna hon. Na ɗauki jakata na durƙusa, ya sa mini albarka, na shiga mota.